Gargaɗin jerin import a Python: Pylint, flake8-import-order, isort ko Ruff, wanne za a riƙe?

Duk wanda ya taɓa tura aikinsa na Python zuwa ma'ajiyar da aka ɗaura wa binciken atomatik, ya ga jar alama ta fito ba don shirin ya lalace ba, sai don `import os` ya zo a ƙarƙashin `import requests`, ya san irin takaicin da ake magana a kai. Abin da ya fi ciwo shi ne a gyara layukan da hannu, gargaɗin farko ya ɓace, wani daban ya fito daga wata manhajar yana neman a mayar da su yadda suke. Layukan `import` su ne waɗanda shiri yake ɗauko kayan aiki da su daga wasu fayiloli, Pylint, flake8, isort da Ruff kuma manhajoji ne masu duba rubutun Python ko tsara shi. A irin wannan hali mutum yakan tsaya tsakanin hanyoyi huɗu: ya ci gaba da Pylint yana gyarawa da hannu, ko ya ƙara wa flake8 abin duba jeri, ko ya ɗauko isort, ko kuma ya koma Ruff gaba ɗaya. Akwai ta biyar, wato rufe bakin gargaɗin, kuma ita ma tana da wurinta.

Tushen ƙa'idar yana cikin PEP 8, takardar salon rubutun Python da ta fito a 2001. Ta ce a sa layukan `import` a saman fayil, a kasa su gida uku da layi fanko a tsakani: kayan da suka zo tare da Python, sai kayan waje da aka sauke da `pip`, sai kayan gida, wato waɗanda aka rubuta a cikin aikin kansa. PEP 8 ba ta ce a jera su bisa haruffa ba, ba ta kuma faɗi yadda za a gane na gida daga na waje ba. A cikin wannan giɓi ne kowace manhaja ta yi nata hukunci, kuma a ganina kusan duk rikicin daga nan yake tasowa.

Ma'aunan da za a bi

Na farko shi ne ko manhajar tana gyara jerin da kanta ko nuni kawai take yi, domin aikin da ke da fayil ɗari uku ba a gyara shi da hannu. Na biyu shi ne yadda take rarrabe kayan gida da na waje, da kuma sauƙin gyara mata fahimta idan ta ɓata. Na uku shi ne kuɗi: dukkansu kyauta ne, saboda haka abin da ake biya shi ne lokacin mai rubutu da mintunan injin gwaji, kuma GitHub Actions, injin gwajin atomatik na GitHub, na ba asusun kyauta minti 2,000 a wata ga ma'ajiyoyin sirri, abin da yake ƙarewa da wuri idan kowace turawa tana jan dogon bincike. Na huɗu shi ne ɗorewa, wato ko saitin da aka rubuta yau zai ci gaba da aiki bayan shekara biyu. Na biyar shi ne haɗari, domin sauya jerin `import` yana iya karya shirin da yake aiki lafiya. Sai kuma zaman lafiya da Black, mai tsara fasalin rubutu, tunda ayyuka da yawa sun riga sun ɗauke shi.

Pylint da gyaran hannu

Pylint yana da gargaɗi uku da suka fi fitowa a nan. C0411, mai suna `wrong-import-order`, yana cewa rukuni ya riga rukunin da ya kamata ya gabace shi. C0412, `ungrouped-imports`, yana fitowa idan an ɗauko abubuwa daga ƙunshi ɗaya amma aka raba su da wani layi a tsakiya. C0413, `wrong-import-position`, yana ƙorafin cewa an sa `import` bayan wani rubutu da ba `import` ba. Pylint ba ya damuwa da jerin haruffa, rukuni kawai yake dubawa, kuma ba ya gyara komai.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne Pylint yana aron isort ne a ciki domin ya san rukunin kowane modul (fayil ko ƙunshin da ake ɗaukowa), amma da nasa saitin yake kiransa, irin su `known-standard-library` da `known-third-party`. Ma'ana, mutum yana iya rubuta wa isort saiti mai kyau, isort ya jera fayil ya ce komai daidai, Pylint kuma ya zo ya ce C0411 a kan fayil ɗin nan. Ba wanda ya yi kuskure a cikinsu. Kowanne da takardar da yake karantawa.

Ta fuskar lokaci, Pylint shi ne mafi nauyi a cikin huɗun, saboda yana bin ma'anar rubutun ne sosai ta hanyar astroid, ƙunshin da yake nazarin rubutu da shi, yana ƙoƙarin gane nau'in kowane abu. Wannan zurfi yana da amfani wajen kama kurakurai na gaske, amma ɓarna ce a jira shi saboda jerin layuka biyar. Ɗorewarsa ba ta da shakka, tsohon aiki ne da ake kula da shi. Sai dai dogaronsa da isort ya taɓa jawo cikas: da isort 5 ya fito a watan Yulin 2020, Pylint na lokacin bai iya aiki da shi ba har sai da siga ta 2.6 ta zo, kuma a tsakanin nan mutane suka riƙa ɗaure isort a tsohuwar siga. Haɗarin karya shiri kuwa kaɗan ne, tunda mutum ne da idonsa yake matsar da kowane layi.

flake8-import-order

flake8 shi kaɗai ba ya duba jeri. Abin da yake da shi a wannan fage shi ne E402 na pycodestyle, manhajar duba salo da ke cikinsa, wanda yake daidai da C0413 na Pylint. Idan aka ƙara masa flake8-import-order sai a sami I100 ga layukan da ba su bi jeri ba, I101 ga sunayen da ke cikin layi ɗaya, I201 idan babu layi fanko tsakanin rukuni, da I202 idan an sa layi fanko inda bai dace ba. Yana zuwa da salo daban-daban da ake zaɓa ta `import-order-style`, daga ciki akwai `cryptography` wanda shi ne na asali, da `google`, `smarkets`, `pycharm` da `pep8`.

A nan ne ake yawan faɗawa rami. Salon `google` yana cakuɗa layukan `import x` da na `from x import y` bisa sunan modul, alhali isort a saitinsa na asali yana sa duk `import x` a gaba, sannan layukan `from` su biyo a cikin kowane rukuni. Wanda ya haɗa su biyun ba tare da daidaita salo ba zai iya ganin I100 a kan fayilolin da isort ya riga ya jera. Haka kuma dole a faɗa masa sunan aikin a `application-import-names`, in ba haka ba zai ɗauki kayan gida a matsayin na waje. Kuma flake8 ba ya karanta `pyproject.toml`, fayil ɗin saitin aikin Python, da kansa, sai `.flake8`, `setup.cfg` ko `tox.ini`, na sha ganin wanda ya rubuta saiti a fayil ɗin da ba a karantawa yana mamakin me ya sa gargaɗin ya ƙi tafiya.

Shi ma nuni kawai yake yi. A ganina ba shi da hujjar shiga sabon aiki yau, sai dai a same shi a tsohon aiki da ya daɗe a kan ɗaya daga cikin salon nan. Kada kuma a rikita shi da flake8-isort, wanda yake kiran isort kansa ya kawo sakamakon a matsayin I001 da 'yan uwansa.

isort

Timothy Crosley ne ya fara isort a 2013, kuma shi ne ya zama abin da sauran suke kwaikwayo. Yana gyara fayil da kansa, kuma `isort --check-only --diff .` yana nuna abin da zai sauya ba tare da ya taɓa komai ba, wanda shi ne umarnin da ya kamata a fara da shi kullum. Rukuninsa biyar ne: `FUTURE`, `STDLIB`, `THIRDPARTY`, `FIRSTPARTY` da `LOCALFOLDER`, na ƙarshen na layukan da suka fara da ɗigo ne, kamar `from . import farashi`.

Matsalarsa ta farko da kowa yake gamuwa da ita ita ce faɗa da Black. isort a asalinsa yana yanke layi a harafi 79, yana kuma jera sunaye a ƙarƙashin baka yadda ya ga dama; Black yana yankewa a 88, yana sa kowane suna a layinsa da waƙafi a ƙarshe. Wannan ya tsara, wancan ya warware, a sake gudu a sake komawa gidan jiya. Maganin layi biyu ne a `pyproject.toml`:

```
[tool.isort]
profile = "black"
```

Matsala ta biyu ita ce rarrabewa. A ɗauka sunan aikin `kasuwa`, kuma a fayil ɗin gwaji akwai `import requests` da `from kasuwa import farashi`. Idan isort ya gane `kasuwa` na gida ne, zai raba su da layi fanko. Idan bai gane ba, zai manna su wuri ɗaya a rukunin kayan waje, domin tun daga siga ta 5 duk abin da bai sani ba can yake jefa shi. Yana gane na gida ne ta duba foldar aikin da foldar `src`, saboda haka aikin da ke da wani tsarin folda daban, ko wanda ake gudanar da umarnin daga wata ƙaramar folda, yana iya ba da sakamako biyu a kwamfuta biyu. Rubuta `known_first_party = ["kasuwa"]` yana kashe wannan gardama gaba ɗaya, kuma ina ba da shawarar a rubuta shi ko da abin yana aiki ba tare da shi ba. A zamanin isort 4 lamarin ya fi haka muni, domin yana leƙa abin da aka sauke a kwamfutar ne kafin ya yanke hukunci, har sai da aka ƙirƙiri seed-isort-config don a cike masa jerin kayan waje. Wanda ya gaji tsohon aiki ya ga dogon `known_third_party` a saitinsa, daga nan ya samo asali, kuma yawanci ana iya share shi yanzu.

Yawan saiti shi ne ƙarfin isort. Ana iya ƙirƙirar rukuni na musamman, misali a ware kayan Django su kaɗai, ana iya tilasta suna ɗaya a kowane layi da `force_single_line` don rage karo yayin haɗa rassan Git, ana iya kwaikwayon salon Google da `profile = "google"`. Saurinsa ya wadatar ga yawancin ayyuka, kuma saitinsa bai cika sauyawa ba tun 2020.

Ruff

Charlie Marsh ya fitar da Ruff a 2022, an rubuta shi da yaren Rust, kamfanin Astral ne yake kula da shi. Ƙa'idarsa ta jeri ita ce I001, kuma an gina ta ne don ta yi kusan daidai da isort a kan salon Black. Umarnin shi ne `ruff check --select I --fix`. Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne zaton `ruff format` zai jera layukan `import`. Ba ya yi, fasali kawai yake tsarawa, jeri aikin `ruff check` ne. Ya fi kyau a rubuta ƙa'idar a fili cikin saiti:

```
[tool.ruff.lint]
extend-select = ["I"]

[tool.ruff.lint.isort]
known-first-party = ["kasuwa"]
```

A lura da sandar tsakiya a `known-first-party`, inda isort yake amfani da layin ƙasa. Ruff ba ya karanta sashen `[tool.isort]`, don haka wanda ya yi ƙaura sai ya kwashe saitinsa da hannu. Yana dai mutunta alamomin isort da ke cikin fayiloli, irin su `# isort: skip` da `# isort: off`, abin da yake rage wahalar ƙaura sosai. Akwai ɗan bambanci a yadda yake bi da layukan da ke da `as` da kuma sharhin da ke gefen layi, saboda haka a sa ran wasu fayiloli za su motsa a gudu na farko.

Wani abu da yake ruɗa mutane shi ne Ruff yana tantance kayan Python na asali ne bisa sigar da aka ce aikin yana nufi. `tomllib` ya shigo Python a 3.11, `distutils` kuma ya fita a 3.12. Idan `requires-python` ko `target-version` yana nuna 3.10, Ruff zai ɗauki `tomllib` a matsayin kayan waje ya kai shi kusa da `requests`. Mai rubutu yana ganin kuskure ne, alhali saitinsa ne ya faɗi haka.

Sauri shi ne abin da ya fi jan mutane, kuma gaskiya ne: a aikin da Pylint yake sa mutum jira, Ruff yakan gama kafin a ɗaga yatsa daga maɓalli, har ana iya sa shi ya gudana duk lokacin da aka adana fayil. Yana kuma ɗauke aikin flake8 da Black, manhaja uku su koma ɗaya da saiti ɗaya. Rauninsa yana wajen ɗorewar saiti. Ya daɗe a sigogin da suka fara da sifili, inda ƙaramin ƙarin lamba yake iya zuwa da sauyin hali: a 0.2 aka mayar da saitin bincike ƙarƙashin `[tool.ruff.lint]`, a 0.6 kuma aka sa ya riƙa duba foldar `src` da kansa. Duk wanda ya ɗauke shi ya ɗaure siga ɗaya a pre-commit (manhajar da ke gudanar da bincike kafin a yi ajiyar Git) da injin gwaji, in ba haka ba wata rana zai wayi gari da jar alama ba tare da ya taɓa komai ba.

Haɗarin da ke tare da gyaran atomatik

A Python, `import` ba sanarwa ba ce kawai, gudanar da fayil ne. Na koyi wannan da tsada a wani ƙaramin aiki da muke yi mu uku. A cikin `__init__.py` akwai layi biyu: `from .db import session` sannan `from .api import routes`. Na gudanar da gyaran atomatik a kan ma'ajiyar duka da yamma, na tura ba tare da na gwada ba, tunda a raina jeri kawai aka sauya. Harafin a ya riga d, don haka `.api` ya hau sama. Shi kuwa `api.py` yana ɗauko `session` daga ƙunshin uwa, wanda a lokacin bai gama buɗewa ba. Shirin ya ƙi tashi, da saƙon `ImportError` mai cewa modul ɗin bai kammala loduwa ba kuma da alama zagaye ne. Na ɓata kusan awa ɗaya ina duba sauye-sauyen wasu kafin na yarda nawa ne. Gyaran gaggawa shi ne `# isort: skip_file` a saman fayil ɗin, gyaran gaskiya shi ne sa `api.py` ya ɗauko `session` kai tsaye daga `.db`, bayan haka jerin ya daina zama abin tsoro.

isort da Ruff duka ba sa tsallake rubutun da ba `import` ba, saboda haka `monkey.patch_all()` na gevent, ko `django.setup()`, ko saita `os.environ` kafin ɗauko wani ƙunshi, suna nan a wurinsu, sai dai idan an kunna wa isort `float_to_top`. Abin da zai fito a wuraren nan shi ne E402 ko C0413, kuma a nan rufe bakin gargaɗin shi ne daidai: `# noqa: E402` ga flake8 da Ruff, ko `# pylint: disable=wrong-import-position`, tare da ɗan sharhi da ke faɗin dalili don wanda zai zo daga baya.

| Ma'auni | Pylint | flake8-import-order | isort | Ruff |
|---|---|---|---|---|
| Gyara da kansa | A'a | A'a | E | E |
| Jerin haruffa | Ba ya dubawa | Yana dubawa | Yana jerawa | Yana jerawa |
| Kuɗi | Kyauta | Kyauta | Kyauta | Kyauta |
| Lokacin gudu | Mai nauyi | Matsakaici | Matsakaici | Mai sauri ƙwarai |
| Karanta pyproject.toml | E | A'a | E | E |
| Zama da Black | Babu karo | Babu karo | Sai da profile | Daidai tun asali |
| Ɗorewar saiti | Mai kyau | Ba ya sauyawa sosai | Mai kyau | Sai an ɗaure siga |
| Haɗarin karya shiri | Kaɗan | Kaɗan | Akwai | Akwai |

Wanne ya dace da wa

Ga sabon aiki, ko na mutum ɗaya ko na ƙungiya, Ruff nake ɗauka, da `I` a kunne, sunan aikin a `known-first-party`, da siga a ɗaure. Babu tsohon salo da za a kare, kuma ba za a taɓa shiga faɗan manhaja biyu ba.

Ga aikin da ya riga ya zauna a kan isort da Black da flake8 kuma yana tafiya lafiya, babu gaggawar ƙaura. A tabbatar da `profile = "black"` da `known_first_party`, a cire flake8-import-order idan yana nan tare da isort, ko a maye gurbinsa da flake8-isort. Haka ma aikin da ya dogara da wani saitin isort na musamman ya fara duba ko Ruff yana da kwatankwacinsa kafin ya motsa.

Ga wanda yake son zurfin binciken Pylint, ya riƙe shi, amma ya karɓe masa hukuncin jeri: a kashe `wrong-import-order` da `ungrouped-imports` a saitinsa, a bar wa isort ko Ruff wannan aiki. C0413 ana iya barinsa idan E402 ba ya kunne a wani wuri.

Ga ɗalibi ko mai fayil uku zuwa huɗu, gyaran hannu a ƙarƙashin Pylint ya isa, har ma yana koya wa mutum bambance kayan Python da na waje.

Ga babban tsohon aiki da ba shi da isassun gwaje-gwaje, a fara da `--diff` ko `ruff check --select I --diff`, a ware fayilolin `__init__.py` daga gudu na farko a duba su ɗaya bayan ɗaya, sannan a yi sauyin jeri a ajiyar Git guda da ba ta ɗauke da komai sai shi. A sa lambar wannan ajiya a fayil ɗin `.git-blame-ignore-revs`, wanda GitHub yake ganewa da kansa kuma Git yake karɓa tun siga ta 2.23 idan an nuna masa shi a saiti, domin kada sunan wanda ya gudanar da umarnin ya rufe na waɗanda suka rubuta layukan tun farko. Rassan da ke buɗe a lokacin za su yi karo a saman fayiloli, don haka ya fi sauƙi a haɗe waɗanda suka kusa kammaluwa kafin ranar.